Jinyar ɗaukewar numfashin barci da na'urar CPAP

Jinyar CPAP hanya ce ta magance ɗaukewar numfashi a lokacin barci. Mara lafiya yana kwana sanye da takunkumi a hanci, ko a hanci da baki, wanda aka haɗa da tiyo zuwa wata ƙaramar na'ura mai hura iska. Iskar tana shiga da ɗan matsi mai ɗorewa, sai ta tokare maƙogwaro ta hana shi rufewa. Ita ce jinyar da likitoci suka fi bayarwa ga manya masu matsakaici ko matsanancin nau'in wannan cuta.

Na'urar tana iya kawar da minshari da tsayawar numfashi tun daren farko, amma ba ta warkar da cutar. Tana aiki ne kawai a sa'o'in da takunkumin yake a fuska. Saboda haka babbar wahalar jinyar ita ce sabo da ita, kuma yawan kuzarin da ke dawo wa mutum da rana ya danganta da yawan sa'o'in da ya kwana da na'urar.

## Suna

CPAP taƙaitawa ce ta kalmomin Ingilishi huɗu waɗanda ma'anarsu ita ce matsin iska mai ɗorewa a hanyar numfashi, kuma ana furta ta "sifaf". Sunan da likitoci ke kiran cutar da shi, afniya, ya fito daga Girkanci, inda yake nufin rashin numfashi. A Hausa an fi sanin alamarta ta fili, wato minshari, duk da cewa ba duk mai minshari ne ke da cutar ba.

## Cutar da ake magancewa

Idan mutum ya yi barci, tsokokin harshe da na maƙogwaro suna saki. Ga wasu mutane wannan sakin yana sa hanyar iska ta ƙuntata ko ta rufe gaba ɗaya, ƙirji yana ta ƙoƙarin jan numfashi amma iska ba ta wucewa. Iskar oksijin tana raguwa a jini, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi domin tsokokin su ɗaure, ya ja numfashi da ƙara, ya koma barci. Yawanci ba ya tuna ya farka. Abokin kwanciya ne ke fara lura da minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai shaƙewa.

Ana ƙirga tsayawar numfashi idan ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. A gwajin barci ana lissafa sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a kowace awa. Daga 5 zuwa ƙasa da 15 cutar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, sama da 30 kuwa ta tsananta. Mai matsanancin nau'i yana iya farkawa sau ɗaruruwa a dare ɗaya, shi ya sa ko ya yi awa takwas a gado zai tashi a gajiye.

Alamomin sun haɗa da gyangyaɗi da rana, ciwon kai da safe, bushewar baki, yawan fitsari cikin dare, mantuwa, saurin fushi da raguwar sha'awa. Ƙiba, kaurin wuya, ƙanƙantar muƙamuƙin ƙasa, yawan shekaru, shan giya da magungunan sa barci suna ƙara haɗarin kamuwa. Ta fi yawa ga maza, amma tana ƙaruwa ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Wani ƙiyasi da aka buga a shekarar 2019 a mujallar Lancet Respiratory Medicine ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya suna da cutar, miliyan 425 daga cikinsu a matsakaici ko matsanancin mataki. Sin ce ta fi yawan masu ita, sai Amurka, Brazil da Indiya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe goma na farko.

## Tarihi

A shekarar 1965 likitan ƙwaƙwalwa na Faransa, Henri Gastaut, da abokan aikinsa suka bayyana yadda numfashi ke tsayawa a barcin masu ƙiba da yawan gyangyaɗi. A shekarun 1970 Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford a Amurka ya fayyace cutar a matsayin ciwo mai zaman kansa, ya kuma nuna cewa marasa ƙiba da yara ma suna kamuwa da ita. A wancan lokaci magani mai inganci shi ne a huda maƙogwaro daga gaban wuya a sa bututu, aikin da marasa lafiya da yawa suke gudu.

An riga an san amfanin matsin iska mai ɗorewa ga jarirai: George Gregory ya wallafa nasarar amfani da shi ga bakwaini masu wahalar numfashi a birnin San Francisco a 1971. Wanda ya fara amfani da shi ta hanci ga masu ɗaukewar numfashin barci shi ne Colin Sullivan, likita a Jami'ar Sidni da Asibitin Royal Prince Alfred a Ostareliya. A watan Yuni na 1980 ya gwada dabarar a kan wani mara lafiya da ya ƙi yarda a huda masa wuya. Da matsin ya kai wani mataki sai tsayawar numfashin ta ɓace, da aka rage shi sai ta dawo. Mutumin ya yi barci mai nauyi, ya tashi washegari garau. A 1981 Sullivan da abokan aikinsa suka buga sakamakon mutum biyar a mujallar Lancet.

Kamfanin Respironics na Amurka ya fara sayar da na'urar a 1985, kuma an kafa kamfanin ResMed a Ostareliya a 1989 bisa aikin Sullivan. Na'urorin farko manya ne masu ƙara, kuma wani lokaci sai an manna takunkumin a hanci. Na yanzu ana ajiye su a gefen gado, ƙararsu ba ta wuce raɗa ba.

## Yadda na'urar take aiki

Na'urar tana zuƙo iskar ɗaki ta cikin matata, ta hura ta cikin tiyo. Iskar ɗaki ce zalla, ba oksijin na asibiti ba, kuma mutum shi ke numfashinsa da kansa. Ana auna matsin da santimitar ruwa, yawanci tsakanin 4 da 20. Likita yana tsayar da matsin da ya dace bayan gwajin dare a ɗakin binciken barci, ko kuma a ba mutum na'ura mai sarrafa kanta wadda ke ƙara matsi idan ta ji maƙogwaro zai rufe, ta rage idan ya buɗe. Akwai kuma mai matsi biyu, babba lokacin shaƙar iska da ƙarami lokacin fitarwa, wadda ake bai wa masu buƙatar matsi mai yawa ko masu wasu cututtukan numfashi.

Takunkumi iri uku ne. Akwai mai ƙananan matasai biyu da ke zama a ƙofar hanci, akwai mai rufe hanci kaɗai, akwai mai rufe hanci da baki. Kowanne yana da ƙananan ƙofofi da aka yi da gangan domin iskar da aka fitar ta fice, kuma ba a toshe su. Yawancin na'urori suna da ɗan tankin ruwa mai ɗumi da ke sa wa iskar danshi. Suna kuma ajiye bayanan kowane dare: awa nawa aka yi amfani da su, yawan yoyon iska, da sau nawa numfashi ya tsaya.

## Sabo da na'urar

Mutane da yawa suna barin na'urar ko su riƙa sa ta jefi-jefi. A Amurka, shirin inshorar lafiya na Medicare yana ɗaukar mutum a matsayin mai bin jinya idan ya yi amfani da ita aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare, cikin kwana 30 a jere a watanni uku na farko. Wani nazari da Terri Weaver da Ronald Grunstein suka buga a 2008 ya nuna cewa kashi 46 zuwa 83 cikin ɗari na marasa lafiya a bincike daban-daban ba su kai awa 4 a dare ba.

Bincike ya kuma nuna cewa ɗabi'ar mutum da na'urar tana kafuwa tun a makon farko. Wanda ya fara tsallake darare a kwanakin farko, yawanci haka yake ci gaba. Shi ya sa asibitocin barci suke kiran mara lafiya ko su duba bayanan na'urarsa a kwanakin farko, domin a gyara matsala tun tana ƙarama. Waɗanda gyangyaɗi ya fi damu kafin jinya sun fi riƙe na'urar, saboda suna ganin bambanci da wuri. Goyon bayan miji ko mata yana da tasiri sosai, haka ma fahimtar mara lafiya game da abin da cutar ke yi masa.

Ga wanda takunkumin ke tsorata ko ya ji kamar an shaƙe shi, ana bin hanyar sabo a hankali. Da farko ya riƙe takunkumin a fuska da hannu yana zaune da rana, ba tare da tiyo ba. Sai ya ɗaura maɗaurin kai ya zauna yana karatu ko sauraron rediyo. Daga nan a haɗa tiyo a kunna na'urar yana farke na minti 20 zuwa 30, sai ya gwada ta a barcin rana, kafin a kai ga dare. Wanda ya farka ya tarar ya cire takunkumin cikin barci, ana shawartarsa ya mayar da shi ya ci gaba. Wasu suna sabawa cikin 'yan kwanaki, wasu sai bayan makonni ko watanni.

### Matsalolin da aka fi samu

* Yoyon iska. Takunkumin da bai dace da fuska ba yana barin iska ta fice, ta busa ido, ta yi ƙara. Ƙara ɗaure shi da ƙarfi yakan ƙara yoyon, ya kuma bar shaida ko gyambo a karan hanci. Abin da ya fi shi ne a daidaita shi a kwance na'urar tana aiki, ko a sauya girma ko iri. Masu gemu da gashin baki sun fi jin daɗin mai matasan hanci.
* Bushewar baki da hanci. Takan faru idan baki yana buɗewa cikin barci, iska ta shiga ta hanci ta fita ta baki. Ana magance ta da ƙara danshi, da maɗaurin haɓa, ko da takunkumi mai rufe baki.
* Toshewar hanci, majina da atishawa. Ruwan ɗumi a tankin na'ura, wanke hanci da ruwan gishiri, da maganin feshi da likita ya rubuta suna taimakawa.
* Jin ƙarfin iska. Na'urori suna da tsarin da ke fara hurawa da ƙaramin matsi ya riƙa hawa har mutum ya yi barci, da wani tsarin da ke sassauta matsi yayin fitar da numfashi. Wasu kuma ƙarancin matsi ne ke sa su ji iska ba ta isar su, sai a ɗaga matakin farawa.
* Kumburin ciki da gyatsa. Alama ce ta haɗiyar iska. Ɗaga kan gado ko rage matsi bisa shawarar likita yana rage ta.
* Ruwa a cikin tiyo. Idan ɗaki ya yi sanyi, danshi yana taruwa ya zama ɗigon ruwa. Ana ajiye na'urar ƙasa da kan mai barci, ko a naɗe tiyon, ko a yi amfani da tiyo mai ɗumi.
* Sabuwar tsayawar numfashi. Ga wasu kaɗan, bayan an buɗe maƙogwaro sai ƙwaƙwalwa ta riƙa jinkirin ba da umarnin numfashi. Yawanci hakan yana gushewa cikin makonni ko 'yan watanni, amma yana buƙatar bibiyar likita.

## Dawowar kuzari

A dararen farko jiki yakan rama barcin da ya rasa. Barci mai nauyi da barcin mafarki suna ƙaruwa fiye da kima, shi ya sa wasu suke ba da labarin mafarkai masu yawa bayan sun daɗe ba sa tuna ko ɗaya. Minshari yana tsayawa nan take. Yawan fitsarin dare yakan ragu da wuri, domin ƙoƙarin jan numfashi ta rufaffen maƙogwaro yana sa zuciya ta saki wani sinadari mai ƙara fitsari, kuma idan hanya ta buɗe wannan yana raguwa. Ciwon kan safe ma yakan tafi.

Wasu suna tashi washegarin daren farko kamar an sauke musu kaya. Wasu kuwa a makonnin farko gajiyarsu ƙaruwa take yi, saboda takunkumin da kansa yana hana su barci. Ga mafi yawa canjin yana zuwa sannu a hankali: gyangyaɗi a wurin aiki ya ragu, hankali ya fi taruwa, fushi ya lafa. Sau da yawa iyali ne suke fara lura kafin mai jinyar.

Ana auna gyangyaɗi da ma'aunin Epworth, wanda likita Murray Johns ya wallafa a 1991, aka sa masa sunan asibitin da yake aiki a Melbon. Mutum yana ba kansa maki 0 zuwa 3 a yanayi takwas, kamar zaman karatu, kallon talabijin, zama a mota na awa ɗaya a matsayin fasinja, ko hira da wani. Jimlar makin tana kaiwa 24, kuma abin da ya haura 10 yana nuna gyangyaɗin da ya wuce kima.

Binciken da Weaver da abokan aikinta suka buga a mujallar Sleep a 2007 ya nuna cewa amfanin yana ƙaruwa da yawan sa'o'i. Awa 4 a dare ta ishi da yawa su daina jin gyangyaɗi a ma'aunin Epworth. Gwajin da ke auna saurin yin barci da rana ya buƙaci kimanin awa 6. Dawowar ayyukan yau da kullum yadda suke ya buƙaci kimanin awa 7 da rabi. Wannan ya nuna cewa awa 4 da inshora ke nema mafi ƙarancin mataki ce. Akwai wani dalili kuma: barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a lokacin ne tsokoki suka fi saki. Wanda ya cire takunkumi da tsakar dare ya bar mafi munin ɓangaren barcinsa babu kariya.

Ribar tana saurin gushewa idan aka daina. Wani bincike na Nancy Kribbs da abokan aikinta a 1993 ya nuna cewa dare ɗaya ba tare da na'urar ba yana mayar da gyangyaɗi kusan yadda yake kafin jinya. Wannan yana da muhimmanci ga direbobi, domin masu cutar da ba a yi musu jinya ba suna da haɗarin yin hatsarin mota fiye da ninki biyu na sauran mutane, kuma haɗarin yana raguwa sosai ga masu amfani da na'urar a kai a kai.

### Idan gajiya ta ƙi tafiya

Wasu suna bin jinya sosai amma gyangyaɗi bai rabu da su ba. A wani bincike a Faransa a 2009, kashi 12 cikin ɗari na masu amfani da na'urar sun ci gaba da gyangyaɗi, kuma da aka cire masu wasu dalilai sai adadin ya koma kashi 6. Likita yakan fara duba bayanan na'urar ya ga ko akwai yoyo ko ƙarancin matsi, sannan ya tambayi awa nawa mutum yake barci gaba ɗaya, domin na'urar ba ta maye gurbin barcin da ba a yi ba. Bayan haka ana neman ciwon damuwa, ƙarancin jini, raunin aikin ƙululun wuya da ake kira tayirod, ciwon suga, motsin ƙafafu cikin barci, da magunguna masu sa barci. Idan duk an kawar da waɗannan, akwai magungunan da ke ƙara farkawa, kamar modafinil da solriamfetol, waɗanda ake sha tare da na'urar bisa rubutun likita.

## Hawan jini da zuciya

Cutar tana da alaƙa da hawan jini, rikicewar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga. Jinyar CPAP tana rage hawan jini da ɗan kaɗan, kimanin maki 2 zuwa 3 a matsakaici, kuma ragin ya fi yawa ga waɗanda jininsu ya ƙi sauka da magunguna. A babban gwajin SAVE da aka buga a 2016, wanda ya ƙunshi mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, na'urar ba ta rage sabon bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Sai dai mahalartan sun yi amfani da ita awa 3.3 kacal a dare a matsakaici. Duk da haka gyangyaɗinsu ya ragu, yanayin zuciyarsu ya inganta, kuma kwanakin da suke fashin aiki saboda rashin lafiya sun ragu.

## Kula da na'urar

Ana goge matashin takunkumi kullum domin maiƙon fuska yana lalata shi, a wanke tiyo da tanki da sabulu mara ƙarfi sau ɗaya a mako, a shanya su a inuwa. Masu ƙera na'urar suna son a zuba tataccen ruwa a tanki domin ruwan rijiya da na famfo suna barin ƙasa-ƙasa. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi game da na'urorin da ake tallatawa don tsaftace CPAP da iskar ozon ko hasken ultrabayolet. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya ruɓewa ya shiga hanyar iska. Wasu takunkumai suna da maganaɗisu a maɗauri, kuma ba su dace da masu na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ba.

A wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa, kamar sassa da yawa na Najeriya da Nijar, masu jinya suna dogara da batir, inbata ko sola. Kashe ɗumin tankin ruwa yana sa batir ya daɗe sosai, domin shi ne ya fi cin wuta. Idan aka ɗauke wuta cikin dare, takunkumi mai rufe baki da hanci yana da ƙofar kariya da ke buɗewa ta shigo da iskar ɗaki, kuma yawanci mutum yana farkawa ya cire shi. A lokacin hunturu ƙura tana saurin toshe matata, sai an riƙa duba ta akai-akai, kuma bushewar iska tana ƙara buƙatar danshi.

## Wasu hanyoyin jinya

Ga wanda ya kasa sabawa, ko mai nau'i mai sauƙi, akwai abin sawa a baki da likitan haƙori ke ƙerawa domin ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Waɗanda numfashinsu ke tsayawa idan sun kwanta rigingine kaɗai ana koya musu kwanciya ta gefe. Rage ƙiba yana sassauta cutar, wani lokaci har a rage matsin na'ura. A 2014 Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasawa a ƙirji mai motsa jijiyar harshe, kuma a watan Disamba na 2024 ta amince da maganin tirzepatide ga manya masu ƙiba da cutar. Ga yara, cire kumburarren naman maƙogwaro da ake kira tonsil shi ne yawanci matakin farko. Wanda ya koma kowace irin jinya ana sake yi masa gwajin barci domin a tabbatar numfashin ya daidaita.

## Duba kuma

* Minshari
* Rashin barci
* Hawan jini
* Ƙiba